Jiri, Iska da Hankali: Tambayar Sababi a Gadon Malaman Wurno

Jiri, wanda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira hajijiya ko juwa, shi ne halin da mutum yake jin ƙasa tana juyawa da shi alhali tana nan yadda take, ko ya ga duhu ya rufe masa ido ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa har sai ya dafa bango ko kafaɗar na kusa da shi. Yawancin mutane ba su ɗauke shi a bakin komai ba, domin yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci, amma duk da ƙanƙantarsa yana ɗauke da tambayar da ta shafi tauhidi da falsafa baki ɗaya. Idan ƙasar da mutum yake takawa da jikin da yake ciki, waɗanda su ne abubuwan da ya fi amincewa da su, suka saɓa masa a lokaci guda, a ina ya dace ya nemi dalili: a cikin jikinsa, ko a wurin wani abin ɓoye da ya shige shi, ko a wurin Ubangijin da ya halicci jiki da abin ɓoye duka? Amsar da jama'a suka bayar ita ke yanke inda za a kai mara lafiya da irin abin da za a yi masa, kuma ƙasar fadamu ta gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, wuri ne da aka taɓa yin wannan muhawara da gaske tsakanin masu bori da malaman jihadi, aka kuma bar rubuce-rubucen da har yau ana iya auna al'amarin da su.

Zaton da ya maƙale a cikin sunaye

Al'ummu da yawa sun amsa wannan tambaya tun kafin su zauna su yi nazarinta, amsar kuwa ta maƙale a cikin sunayen da suka raɗa wa ciwon. Turanci yana da kalmomi uku da ake kiran jiri da su, kowacce da tarihinta. Ta farko ita ce “giddy”, wadda masana tarihin harshe suka bi sawunta zuwa tsohon Turanci na kimanin shekara dubu da ta wuce, inda ake rubuta ta “gydig”, kuma tushenta ɗaya ne da kalmar da mutanen Ingila suke kiran abin bauta da ita. Ma'anarta ta asali ita ce wanda wani abin bauta ya shige shi ya juya masa hankali, sai bayan ƙarnuka, da aka manta da gumakan da ake nufi, ma'anar ta sauko ta tsaya a kan jiri da kuma rawar kai. Ta biyu ita ce “dizzy”, wadda a da take nufin wawa ko marar wayo, har ma da ita aka siffanta mutumin da ya gina gidansa a kan yashi a tsohuwar fassarar Linjila. Ta uku, “vertigo”, likitoci ne suka aro ta daga Latin, daga aikatau mai ma'anar juyawa, kuma ba ta ɗora laifi a kan kowa ba, iyakarta faɗin abin da mara lafiya yake ji.

Waɗannan kalmomi suna wakiltar matsayi uku da ɗan Adam yakan ɗauka a gaban ciwon da bai gane ba: ya jingina shi ga abin ɓoye, ko ya mayar da shi aibin mai ciwon, ko ya bayyana abin da ya gani ya dakata da hukunci. Larabci ma yana da irin wannan, domin “majnun” ta fito ne daga tushen da aka samo sunan aljanu, “duwar” kuwa, wato jiri, daga kewayawa. A Hausa kalmar iska ta haɗa wadda ke kaɗawa da wadda ake cewa tana hawan mutum, shi ya sa bugun iska yake iya zama sanyi ya kuma iya zama aljani. Asalin kalma dai ba hujja ba ne a kan gaskiyar abu, kuma Baturen da ya furta “giddy” a yau ba ya nufin wani gunki, amma asalin yana adana zaton farko da mutane suka yi, wanda a Ingila da ƙasar Larabawa da ƙasar Hausa ya karkata wuri ɗaya: duk wanda ya rasa ikon tsayuwarsa, to wani ne ya karɓe ragamarsa.

Amsar bori da martanin masu jihadi

A kwarin Rima wannan zato ya zama cikakken tsari mai shugabanni da kiɗa da hanyar magani. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ke sama da Goronyo a kan wannan gulbi, tana da sarautar Inna, macen gidan sarauta da ke shugabantar masu bori. A fahimtar bori, jiri mai yawan dawowa da faɗuwa da ciwon da ya ƙi jin magani alamu ne na cewa wata iska tana neman mutum, maganin kuwa shi ne girka, wato keɓe shi kwanaki ana yi masa hayaƙi da jiƙo da kiɗa har ya saba da iskar ya zama dokinta idan namiji ne, ko goɗiyarta idan mace ce. Idan aka kaɗa garaya ko goge aka yi kirarin Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Doguwa, sai dokin ya fara tangaɗi, ya faɗi, ya tashi da murya da ɗabi'ar wanda ya hau shi, har sai atishawa ta nuna an sauka. Adalci ya sa a faɗi cewa wannan tsari ya ba matan da ke fama da ciwo da kaɗaici suna ga damuwarsu da jama'ar da ke kula da su, kuma wannan ne sirrin ɗorewarsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi wannan hanya a rubuce, musamman a Nurul Albab, inda ya soki yanka da ake yi wa itatuwa da duwatsu da neman biyan buƙata daga wanin Allah, domin hakan shirka ne, wato haɗa Allah da wani a cikin abin da ya keɓanta da shi. Akwai kuma aibi na biyu da ba a cika ambata ba, shi ne cewa da zarar an ce iska ce, bincike ya ƙare, babu sauran mai tambayar abin da mara lafiya ya ci, ko jinin da ya zubar, ko zazzaɓin da ya yi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, mata da yawa da suka tashi cikin al'adar bori sun shigo garuruwan Daular Sakkwato, kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta gane cewa hani shi kaɗai ba zai raba su da abin da ya ba su mafaka ba. Ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu zuwa daga ƙauyuka neman ilimi a ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji, wadda ake naɗa wa malfa, kuma binciken Jean Boyd ya nuna cewa malfar alama ce da aka sani tun wurin Innar Gobir. Wajen 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara surori da addu'o'in da ake neman waraka da su, domin mace mai ciki ko mai firgita ta mayar da dogaronta ga Allah.

Sarkin Musulmi mai rubutu a kan magani

Wannan gyara na aƙida yana da abokin tafiya, wato ilimin likitanci, kuma Wurno ce ta fi cancantar a tuna ta da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaro na bakin iyaka inda ake noma da karatu da gadi a lokaci guda, a can ya zauna a ƙarshen rayuwarsa kuma a can kabarinsa yake. Duk da yaƙe-yaƙe da shari'o'in da ke gabansa, ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko, da wasu a kan magungunan da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana haɗa hadisi da maganganun likitoci da abin da aka jarraba. Lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Shugaban da ya yi haka ya ɗauki jiki a matsayin abin da ke da ƙa'idojin da ake iya koyo daga duk wanda ya san su, kuma ya ɗauki kare rai da hankali a matsayin biyu daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, tare da addini da zuriya da dukiya.

Ilimin likitancin Larabci da Bello ya gada ya riga ya rarrabe jiri tun da daɗewa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambanta a cikin Alƙanun tsakanin duwar, inda mutum yake ganin abubuwa suna kewaya shi, da sadar, inda duhu ke rufe masa ido idan ya miƙe har ya kusa faɗuwa, kuma likitocin yau suna fara bincikensu ne da wannan bambanci. Bayanin da ya bayar, na tururin da ke tashi zuwa ƙwaƙwalwa, bai tsaya ba a gaban binciken da ya biyo baya, amma hanyarsa ta tsaya, wato a saurari mara lafiya, a rarrabe alamu, a nemi dalili a cikin jiki. Shi kansa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350 kuma ya tabbatar da shafar aljanu, ya raba farfaɗiya gida biyu a cikin Zadul Ma'ad, ɗaya daga miyagun rauhanai ɗaya kuma daga gurɓacewar ruwayen jiki, ya bar kashi na biyu a hannun likitoci.

Abin da ke ɗaure waɗannan duka shi ne rabon hukunci da ɗaliban tauhidi a ƙasar Hausa suka sani daga littattafan Imamu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Hukunci iri uku ne: na shari'a, wanda ake sani ta wahayi, na hankali, wanda ake sani ta tunani kaɗai, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, da na al'ada, wanda shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa Allah ne mai halittar sakamakon kuma yana da ikon yanke alaƙar. Samuwar aljanu hukunci ne na shari'a, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su har da sura mai sunansu. Amma cewa jirin wance 'yar wane a ranar kaza aljani ne ya haddasa shi, wannan babu wahayi a kansa kuma hankali kaɗai ba ya isa gare shi, saboda haka ya faɗa cikin hukuncin al'ada, wanda ba a saninsa sai ta dubawa da gwaji. Wanda ya yanke shi ba tare da waɗannan ba ya yi magana a kan gaibu ba da ilimi ba, kuma Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Abin da aka gano a cikin kunne

A shekarun 1820, daidai lokacin mulkin Bello, wani masani a Faransa mai suna Flourens yana yanka wasu ƙananan bututu a cikin kunnen tantabaru, sai ya ga tsuntsayen suna kaɗa kai suna faɗuwa ta fuskar da ta dace da bututun da aka taɓa. A 1861 likita Meniere ya bayyana a birnin Faris cewa wani nau'in jiri da ake ɗauka ciwon ƙwaƙwalwa ne daga kunne yake tasowa, kuma Robert Barany na Ostiriya ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda gwajin da ya ƙirƙiro na zuba ruwan ɗumi ko na sanyi a kunne domin auna wannan sashe. Abin da aka tabbatar shi ne, can cikin kowane kunne akwai bututu uku masu siffar rabin da'ira, kowanne yana fuskantar ɓangare daban, cike da ruwa, kuma a gindinsu akwai ƙananan gasu masu ji waɗanda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa duk lokacin da ruwan ya motsa. Wanda ya juya ƙwarya da ruwa a ciki sannan ya tsayar da ita zai ga ruwan ya ci gaba da kewayawa, kuma wannan shi ne abin da ke faruwa ga yaran da ke wasan hajijiya: jiki ya tsaya, ruwan kunne bai tsaya ba, ido yana cewa an tsaya kunne yana cewa ana tafiya, ƙwaƙwalwa kuwa ta rasa wanda za ta gaskata.

Mafi yawan jiri mai juyawa yana faruwa ne idan wasu ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa cikin ɗaya daga bututun, sai mutum ya ji ɗaki yana kewayawa da zarar ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai daga sujada, kuma likita yana iya mayar da su ta hanyar juya kan mara lafiya bisa tsari cikin 'yan mintoci. Jiri mai duhun ido kuwa yawanci daga ƙarancin jinin da ke isa ƙwaƙwalwa yake, saboda ƙishirwa ko yunwa ko zubar jini ko wasu magunguna. Akwai kuma nau'i mai haɗari da ke zuwa tare da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, wanda alama ce ta shanyewar ɓarin jiki kuma ba ya jiran gari ya waye.

Iyakar abin da jiki ke shaidawa

Daga nan ne fuskar falsafa ta al'amarin take bayyana. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a cikin Almunƙiz na yadda ya tuhumi gaɓoɓin ji da gani, domin ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya a hankali, yana kuma ganin tauraro ƙarami alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Jiri ya fi waɗannan misalai ƙarfi, saboda kuskuren yana faruwa ne a cikin jin da mutum yake yi wa kansa. Bugu da ƙari, ƙasa tana juyawa da gaske, kuma a daidai Sakkwato tana tafiya da mutane da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, amma mai lafiya ba ya jin komai domin kunne yana gane sauyin motsi ne kawai. Ke nan natsuwar mai lafiya da juyawar mai jiri duk ba su ne ma'aunin yadda duniya take ba. An halicci wannan ji ne domin mutum ya iya tafiya da ruku'u da ɗaukar kaya. Abin lura shi ne mai jiri, yana tsakiyar ganin bango na gudu, ya san bangon bai motsa ba, kuma wannan sani da ya tsaya lokacin da ji ya karkace shi ne hankali. Idan kuwa ƙarfin abin da mutum ya ji bai isa ya tabbatar da motsin bango ba, to bai isa ya tabbatar da shigar aljani ba.

Malaman sufanci sun fuskanci wannan tambaya ta wata ƙofa, domin a wurin zikiri akan ga wanda ya yi tangaɗi ya faɗi. Shehu da Bello 'yan Ƙadiriyya ne kuma ba su musanta hali ba, wato yanayin da ke sauko wa zuciya ba da neman mai ita ba. Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya yi bayanin sukuru, wato mayen da ƙarfin hali ke jawowa har mutum ya ɓace daga kansa, da sahawu, wato dawowa cikin hayyaci, kuma tafarkin Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, ya fifita dawowar a kan mayen. Aya ta 143 ta Suratul A'araf ta ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya faɗi sumamme a gaban dutse, sannan ta ambaci tasbihi da tuban da ya yi bayan farfaɗowa, wanda ke nuna cewa ana auna hali da abin da ya bari a bayansa. Mabiya Jalaluddin Rumi a Konya ta Turkiyya suna juyawa tsawon lokaci ba su faɗi ba, saboda horo yana sa ƙwaƙwalwa ta saba da saƙon kunne, kuma wannan ya isa ya nuna cewa faɗuwa ko rashinta aikin jiki ne da ba ya shaidar kusanci ga Allah. Shaidar ita ce kiyaye salla a kan lokaci da gaskiya a ciniki da sauƙin kai ga iyali.

Fiƙihu ya bi wannan layi da sauƙi mai ban sha'awa. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta lissafa gushewar hankali ta barci mai nauyi ko suma ko maye ko hauka a cikin abubuwan da ke wajabta sabuwar alwala, ta kuma ɗauke wa wanda ya suma ramuwar sallar da lokacinta ya fita yana cikin sumar. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe idan ya kasa zama, Suratul Baƙara kuma ta ba shi damar ajiye azumi ya rama. A duk waɗannan wurare shari'a ba ta tambayi ko aljani ne ko ruwan kunne ba, abin da ta tambaya shi ne iyakar hankali da ikon da suka rage wa mutum, domin a kansu taklifi, wato ɗora wa bawa nauyin umarni da hani, yake rataye. Ba ta kuma kira mai jiri wawa ko mai raunin imani ba, uzuri ta ba shi.

Nauyin da ke kan mutanen yau

Wannan bayani yana da aiki a fadamun yau. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta faɗaɗa noman rani a kwarin Rima, kuma manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa suna wuni a duƙe a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, watannin da azumi ya faɗo cikinsu a shekarun 2022 zuwa 2024. Wanda ya miƙe daga irin wannan aiki ya ga duhu, ƙishirwa ce ta fi kusa da zama dalili. Inda ruwa ke kwanciya kuma akwai sauro da tsargiya, zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsargiya tana zubar da shi a fitsari, dukkansu suna kai yaro ko babba ga ƙarancin jini, wanda jiri da kasala da farin ido ke cikin alamunsa na farko.

Mafi nauyi shi ne halin mata masu ciki. Akwai hawan jini da ke zuwa a rabin ƙarshe na ciki, wanda ke fara nuna kansa da ciwon kai mai tsanani da jiri da gani dishi-dishi da kumburin fuska da hannuwa, idan kuma aka bar shi sai ya kai ga jijjiga, mace ta sanƙare tana taune harshe, abin da idon da bai sani ba yake ɗauka hawan iska ne. Ana gano wannan ciwo da awon jini da gwajin fitsari a ƙaramin asibiti, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar magnesiyam salfet tana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi. A yankin da rashin tsaro ya sa fita da dare daga ƙauyukan Rabah ko Goronyo zuwa babban asibiti a Sakkwato ta zama kasada, gane alamar farko da rana ya ƙara muhimmanci, kuma sa'o'in da aka kashe ana hayaƙi ana neman sunan iska su ne sa'o'in da rai biyu ke iya salwanta a cikinsu.

Babu abin da ke cikin wannan da ya hana addu'a ko ruƙiyya ta shari'a, wato karanta Alƙur'ani da addu'o'in da aka ruwaito a kan mara lafiya, domin Nana Asma'u ta koyar da su kuma ana iya yin su a hanyar asibiti da bakin gadonsa. Hadisi ya tabbatar da cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma wanda ya yi imani da haka ya wajaba ya nemi maganin a inda aka ajiye shi. Saboda haka malamin da aka kawo masa mace mai jiri yana da hakkin ya tambaya ko an auna jininta kafin ya yi tofi, maigida yana da hakkin ya bar matarsa ta je awo ya kuma biya kuɗin mota, limami kuma yana da hakkin ya faɗa a kan mumbari cewa jingina kowane ciwo ga aljanu ba alamar ƙarfin imani ba ce. Tauhidin da Shehu ya karantar ya kuɓutar da mutum daga tsoron iskoki, likitancin da Bello ya rubuta ya nuna masa inda zai nemi sababi, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya karɓi rabin gadon ne kawai. Neman sababi a cikin jiki biyayya ce ga Wanda ya tsara sabubba, yin sakaci da shi har rai ya tafi kuwa abu ne da za a tambayi wanda ke da ikon hanawa.